Ƙurajen ganyen mangwaro da shinkafa mai ganyen albasa

Wani mai karatu daga Bukuru ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina da mangwaro 'yan aure guda shida a bayan gidana, shekararsu uku da dasawa. Bana ganyayensu sun feso da ƙuraje birjik kamar ƙyanda, wasu kore, wasu sun yi baƙi. Na yi feshi har sau biyu, ko gezau ba su yi ba. Maƙwabcina ya ce cuta ce daga ƙasa, gara in sare su tun kafin ta kama sauran itatuwa. Shi kuma ƙanena da ke noman fadama a wajen Shendam ya ce bara shinkafarsa ta riƙa fitar da wani dogon farin ganye kamar na albasa, kuma duk karan da ya yi haka bai fid da zangarniya ba. An ce mana ƙwaro ne yake yin duka biyun. Ta yaya ƙwaro zai sa ganye ya kumbura, kuma me ya kamata mu yi?"

Malam, kafin komai ina roƙonka ka ajiye gatarin nan, domin abin da ka kwatanta bai kai a sare bishiya ba. Wanda ya ce muku ƙwaro ne ya faɗi gaskiya, sai dai ƙwarin biyu ne, 'yan gida ɗaya, kowanne da tsiron da yake bi. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: yadda ƙwaro yake sa tsiro ya fitar da ƙululun da ba a san shi da shi ba, dalilin da ya sa feshinka bai yi aiki ba, da kuma yadda mutum zai gane ƙululun da za a ƙyale da wanda zai cinye masa noman shekara. Na ukun ne ya fi muhimmanci a wurina, domin kai da ƙanenka kun haɗu da ɓarna iri ɗaya a asali, amma nauyinta a kanku ya sha bamban ƙwarai.

Abin da ke cikin ƙurjin

Ka tsinko ganye ɗaya mai ƙuraje kore waɗanda ba su bushe ba, ka sa sabuwar reza ka tsaga ƙurji ɗaya a tsakiya, ka duba da gilashin ƙara girma ko kyamarar wayarka. Za ka ga ɗan rami mai santsi, a cikinsa kuma wata 'yar tsutsa fara ko ruwan ɗorawa wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. Ramin nan ɗakinta ne kuma rumbunta ne, amma ba ita ta gina shi ba. Ganyen ne ya gina shi da naman jikinsa, bisa tilas.

Yadda abin yake faruwa shi ne, uwar ƙwaron tana neman sabon toho, wato ganyen da bai gama buɗewa ba, wanda ƙwayoyin halittarsa suke cikin rarrabuwa, ta saka ƙwanta a kansa ko a cikinsa. Da tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara ci, yawunta yana ɗauke da sinadarai da suke rikita umarnin girma na tsiron. Kowane tsiro yana da sinadaran da suke tsara masa inda zai miƙe, da inda zai yi kauri, da lokacin da zai tsaya. Biyu daga cikinsu su ne ogzin da saitokainin, kuma an samu da yawa daga cikin waɗannan ƙwari suna ɗauke da su a jikinsu fiye da yadda suke a ganyen kansa. A wasu ƙwarin, ruwan da uwar take zubawa tare da ƙwai shi ne yake fara aikin. Sai naman ganyen ya yi ta ƙaruwa a kewayen tsutsar har ya rufe ta. Bangon ciki yakan zama mai taushi, cike da sukari da sauran abinci, tsutsa tana ci yana sake tsirowa. Bangon waje kuwa yakan yi tauri, sau da yawa da ɗaci da bauri, ya kare ta daga rana da iska da tsuntsaye. Har jijiyoyin ganyen sukan karkato da abinci zuwa wurin, kamar yadda mai lambu yake fasa kwari ya juya ruwa zuwa fangalinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina tun ina ɗalibi shi ne kowane ƙwaro yana da fasalin ɗakinsa da ba ya canzawa: wani kamar ƙurji, wani kamar ƙaho, wani dunƙulalle kamar goriba, wani mai gashi. Yawancinsu kuma tsiro ɗaya ko 'yan danginsa kaɗai suke iya juyawa, a sashe ɗaya na jikinsa. Saboda haka wanda ya saba yakan gane ƙwaron daga sifar ƙululun da sunan bishiyar, ko da mai ɗakin ya daɗe da fita. Wannan kuma shi ne amsar fargabar maƙwabcinka: ƙwaron ganyen mangwaro ba zai koma kan gwaiba ko lemo ko fiya ba. Tun a 1679 wani likitan Italiya, Marcello Malpighi, ya bayyana a rubuce cewa ƙwari ne suke haddasa irin waɗannan ƙululai, kuma a yau an san nau'in ƙwari kimanin 13,000 masu wannan sana'a. Mafi yawansu ƙananan ƙudaje ne masu kama da sauro, sai ƙananan dangin rina da zanzaro, sai dangin darɓa masu tsotson ruwan ganye.

Mu ma a nan mun san su, ko da ba mu lura da ƙwaron ba. Dunƙulen da ake gani a rassan sabara aikin wasu ƙananan ƙwari ne siriri da suke zaune a ciki da yawa. Duk wanda ya taɓa fasa ɗan ɓaure ya ga 'yan ƙwari suna fitowa ya ga wani misalin: furannin ɓaure a cikin ɗan suke, uwar ƙwaron tana kutsawa ta ɗan bakin da ke ƙarshensa, ta saka ƙwai a wasu furannin su zama ɗakunan 'ya'yanta, ta kuma kai wa sauran garin fure su yi iri. Ba don ita ba, da ɓaure bai yi irin da zai tsira ba. Wani ƙululun ma kuɗi ake saye da shi. Wanda yake fitowa a kan wata bishiyar ƙasar Sham da Turkiyya, Larabawa suna kiransa afas, yana cike da irin sinadarin baurin da majema suke nema a bagaruwa, kuma idan aka haɗa shi da gishirin ƙarfe da ƙaro yana ba da baƙar tawadar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubuta littattafai da ita a ƙasashen Musulmi da Turai.

Mangwaronka

Ƙurajen da ka kwatanta sun yi daidai da aikin ƙananan ƙudaje na zuriyar da masana suke kira Procontarinia, waɗanda asalinsu yankin Indiya ne kamar mangwaron kansa, suka bi shi zuwa Afirka. Babban ƙudan bai wuce milimita biyu ba, kuma 'yan kwanaki kaɗan yake rayuwa, abin da ya sa da wuya ka gan shi. Yana saka ƙwai ne a lokacin da mangwaro ya yi sabon toho, ganyen nan ja mai laushi da ke rataye kamar jiƙaƙƙen ƙyalle. Da zarar ganye ya yi kore ya yi tauri, ya fi ƙarfinsa. Ƙurajen da suka yi baƙi a bishiyarka tsofaffi ne; ka duba da kyau za ka ga ɗan huji a kowanne, ƙofar da mai ɗakin ya fita ke nan. Wasu nau'in suna gama rikiɗarsu a cikin ɗakin su fito da fiffike, wasu kuma tsutsar ce take faɗowa ƙasa ta gama a cikin turɓayar gindin bishiya.

Daga nan za ka ga dalilin da ya sa kuɗin feshinka ya tafi a banza. Yawancin magungunan da ake sayarwa a kasuwa sai sun taɓa jikin ƙwaro suke kashe shi, ita kuwa tsutsa tana cikin ɗaki rufaffe, in ma ba ta riga ta fita ba. Ko da ka kashe ta, ƙurjin ba zai baje ba, domin naman ganye ne da ya riga ya ginu, zai zauna har ganyen ya tsufa ya faɗi. Abin da ya fi damuna shi ne wanda feshin yake kashewa. Akwai wasu ƙananan dangin zanzaro da suke huda bangon ƙurji su saka ƙwansu a jikin tsutsar, ɗansu ya cinye ta daga ciki. Su suna yawo a fili a kan ganye, don haka su feshi yake fara samu. Na sha ganin wannan a wuraren renon dashe a nan Jos: mai reno ya ga ƙuraje ya shiga feshi duk mako, tohon da ya biyo baya ya fi na farko lalacewa, shi kuma ya ɗauka maganin ne jabu.

A babbar bishiya, ƙurajen ganye muni ne kawai a ido. Ganye mai ƙuraje ashirin yana ci gaba da aikinsa da sauran fatarsa, kuma 'ya'yan bishiyar lafiyarsu ƙalau, a sha ba fargaba. Naka 'yan shekara uku suna tsaka-tsaki, shi ya sa nake so ka riƙa duba su. Inda ƙuraje suka yi yawa har ganye ya murɗe, ya ƙanƙance, ya fara zuba tun bai tsufa ba, bishiyar tana asarar ƙarfin girma, kuma hujin da ƙwaron ya bari yana zama ƙofa ga cutar nan mai sa baƙin tabo a ganye da 'ya'ya lokacin damina. Irin waɗannan rassan ka yanke su tun ƙurajen suna kore, ka ƙone ko ka binne da zurfi, kada ka jibge su a gindin bishiya. Ka share busassun ganyen da suka zuba, ka ɗan kafta ƙasar gindin sama-sama da rani domin rana da kaji su samu abin da ya ɓuya a ciki. Ka rage cunkoson rassa iska ta riƙa ratsawa. Kada kuma ka yawaita takin yuriya ko ban-ruwa barkatai, domin suna sa bishiya ta yi ta fitar da toho kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙudan kuma ya samu wurin saka ƙwai ba yankewa.

Magani yana da gurbinsa, amma ƙarami ne. Ga mai renon dashe na sayarwa, wanda tohon farko shi ne jarinsa, feshi ɗaya da maganin da ke shiga cikin jikin tsiro, daidai lokacin da toho ya fara buɗewa, ya fi feshi goma bayan ƙuraje sun bayyana. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kuma kada a yi shi lokacin fure, domin ƙudaje da ƙudan zuma ne suke sa mangwaro ya ɗaura 'ya'ya. Ga mai bishiya shida a bayan gida, inda yara da kaji suke wasa, ni ban ga dalilinsa ba. In kuwa wata rana ka fasa nunannen mangwaro ka ga tsutsa a ciki, wannan aikin ƙudan 'ya'yan itace ne, wani ƙwaro dabam da ya fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba, kuma shi ya cancanci kuɗinka da lokacinka.

Shinkafar ƙanenka

Nan ne maganar ta yi nauyi. Farin ganyen nan mai kama da na albasa shi ma ƙululu ne, ɗakin tsutsar wani ƙuda ɗan gida ɗaya da na mangwaro, mai suna Orseolia oryzivora, wanda aka tabbatar a 1982 cewa nau'i ne na Afirka, dabam da ɗan'uwansa na Asiya. Uwar tana kama da sauro mai jan ciki, da dare take tashi, tana kuma zuwa wurin fitila. Takan saka ƙwai ɗari zuwa ɗari huɗu a jikin ganyen shinkafa. Bayan kamar kwana uku tsutsa ta fito, ta bi laimar raɓa ko ruwan sama ta gangara tsakanin kuben ganye har ta kai idon tsiron, wato ainihin wurin da sabon ganye da zangarniya suke fitowa. A nan take ci, sai kuben ganyen ya rikiɗe ya zama dogon bututu fari mai rami. Idan ta gama girma ta hau cikin bututun ta huda kusa da samansa ta fita, sau da yawa akan ga ɓawonta maƙale a bakin hujin. Daga ƙwai zuwa sabuwar uwa mako uku ne zuwa huɗu, don haka a damina ɗaya ana yin zuriya da yawa, kowacce ta ninka ta baya.

Ka ga bambancin da nake nufi. A mangwaro ƙwaron ya zauna a fatar ganye ɗaya cikin dubbai. A shinkafa ya zauna a kan idon karan, kuma karan da ya rasa idonsa ba zai taɓa fid da zangarniya ba. Shinkafar takan yi ƙoƙarin ramawa da sababbin 'ya'ya daga gindi, amma sukan makara, su nuna ba tare da sauran ba. A 1988 wannan ƙuda ya ɓarke a yankin Abakaliki da ke kudu maso gabashin Najeriya, ya shafi kimanin hekta 50,000 na shinkafar fadama, kuma tun daga lokacin ake lissafa shi cikin manyan abokan gaban shinkafa a Najeriya. Ya fi son fadama da gonakin ban-ruwa, da shekarar da ake yawan hadari da yayyafi, irin yanayin da ake samu a ƙasan Filato da kwarin Binuwai.

Ka gaya wa ƙanenka cewa ranar da ya ga farin bututu, aikin wannan karan ya riga ya ƙare, don haka yaƙin na kafin shuka ne. Ƙudan yana iya kama shinkafa ne kawai tun tana yin 'ya'ya, kafin ta ɗauki ciki. Wanda ya shuka da wuri yakan wuce wannan mataki kafin ƙudan ya yi yawa, wanda ya makara kuwa shi yake karɓar duk zuriyar da ta taru a gonakin maƙwabta. Saboda haka ya fi kyau manoman fadama ɗaya su haɗa baki su yi dashe cikin mako biyu ko uku, maimakon wani ya dasa a Yuni wani a ƙarshen Agusta. Da rani ƙudan yana fakewa ne a gyauron shinkafa da ya sake tohowa bayan girbi, da shinkafar daji mai saiwa a ƙarƙashin ƙasa da ke bakin fadama. A kafce gyauron, a rage shinkafar dajin. Takin yuriya a raba shi kashi-kashi, domin zuba shi da yawa lokaci ɗaya yana sa 'ya'ya masu laushi su yi yawa, abin da ƙudan yake so ke nan. A kula da gadon iri sosai, tunda sau da yawa daga can ake kwaso tsutsar a kai gona.

Akwai wata ciyawa da nake so ya bari a kan kunyoyin gonarsa, tumbin jaki. Tana da nata ƙudan mai yi mata ƙululu, wanda ba ya taɓa shinkafa, amma ƙananan zanzaron da suke kashe shi su ne dai suke kashe na shinkafa. Ciyawar tana riƙe su tun farkon damina, kafin shinkafa ta taso, sai su ƙaura cikin gona da wuri. Masu binciken shinkafa na Afirka ta Yamma sun yi aiki a kan wannan, kuma yana cikin dalilan da suka sa ba na son feshin kan-mai-uwa-da-wabi a fadama. Batun iri kuma, a 1998 an fitar da FARO 51, wadda asalinta daga Indonesiya ne, saboda tana jure wannan ƙuda. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ita ce gidan wannan aiki, kuma malaman gona na shirin bunƙasa noma na Jihar Filato za su iya gaya masa irin da ake samu yanzu wanda ya dace da fadamarsa.

Dogaro da iri mai juriya tsohuwar dabara ce a kan waɗannan ƙwari. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro dangin darɓa ya shiga Faransa daga Amurka, yana yin ƙululai a saiwar inabi har kurangar ta mutu, ya hallaka gonaki masu ɗimbin yawa a Turai. An gwada magunguna iri-iri, amma abin da ya ceci noman shi ne aure, irin wanda aka yi wa mangwaronka: aka ɗaura reshen inabin Turai a kan gindin inabin Amurka da ya saba da ƙwaron. Masu tuffa a kan tudun nan su lura da wani ɗan'uwansa, mai lulluɓe jikinsa da farin abu kamar auduga, wanda yake kumbura reshe da saiwar tuffa. Masu renon turare kuma, bishiyar da ta cika tsofaffin filayen haƙar kuza, su san cewa akwai wani ɗan zanzaron Ostareliya da yake kumbura jijiyar ganye da ƙananan rassanta. Ya isa Yuganda da Kenya a 2002, kuma ƙananan dashe ya fi illatawa.

Ba kowane kumburi ne na ƙwaro ba

Na amsa maka ne bisa kwatancenka, ganyen bai zo hannuna ba, kuma akwai abubuwa da suke kama da juna. Ƙullin da ake gani a saiwar tumatir da kuɓewa da karas aikin wata tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, maganinta kuma juya shuka ne, feshin ganye ba ya kai gare ta. Kada a haɗa shi da 'yan ƙwallayen saiwar wake da gyaɗa da waken soya, waɗanda alheri ne, taki suke tara wa ƙasa. Su a gefen saiwa suke maƙale, suna ɓallewa idan an murza, cikinsu ja-ja, shi kuwa ƙullin cuta saiwar ce da kanta ta kumbura. Ƙaton ƙari mai kaushi a gindin fure ko tuffa, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, yawanci bakteriya ce, kuma tana bin wuƙar aure daga dashe zuwa dashe. Kumburin masara mai fashewa da baƙin gari ɗan'uwan burtuntuna ne. Kumburin reshe a inda kauci ya kafa kuwa kowa ya san mai shi.

Rezar nan ita ce za ta raba maka gardama: in ka tsaga ka ga ɗaki mai tsari, da tsutsa ko ɓawonta ko hujin fita, ƙwaro ne ko ɗan'uwansa, in nama ne cunkus ba rami, ka nemi wani dalilin. Idan kana so ka ga mai ɗakin da idonka, ka sa ganye biyar masu koren ƙuraje a cikin kwalba mai tsabta, da 'yar ƙasa mai laima a gindinta, ka ɗaure bakin da farin ƙyalle, ka ajiye a inuwa mako biyu zuwa uku. Abin da ya fito mai dogayen ƙafafu kamar sauro shi ne ƙudan. Waɗanda suka fito gajeru, baƙaƙe ko masu ƙyalli, masu ɗan siririn ƙugu, su ne zanzaron da suke kashe shi, kuma in sun yi yawa a kwalbar to bishiyoyinka suna da masu gadi, sai ka rataye injin feshin. Ƙanenka ma ya yi haka da fararen bututun shinkafa guda ashirin a watan Agusta, ya ƙirga abin da ya fito. Ka kai kwalbar da 'yan ganyen, a cikin takarda ba leda ba don kada su ruɓe, Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos ko ofishin malaman gona mafi kusa da kai, a duba su a ƙarƙashin madubin bincike a tabbatar maka da nau'in.